Nazarin Lamari: Yadda Wata Ƙungiya a Damagaram Ta Zana Taswirar Wuraren Aikin Mambobinta

Asalin ƙungiyar da garin

Ƙungiyar da wannan nazari ya shafa ta taimakon juna ce da aikin gayya, a garin Damagaram, wanda takardun hukuma ke kira Zinder. Ba za a faɗi sunanta ba, haka ma sunayen mutanenta. Ta soma ne a tsakiyar shekarun 1970, bayan farin 1973 da 1974, a lokacin da gwamnatin Seyni Kountche ke farfaɗo da Samariya, wato ƙungiyoyin matasa, a unguwanni. Wasu ma'aikatan gwamnati da 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu suka riƙa zuba kuɗi duk wata. Suna yashe magudanan ruwa kafin damina, suna gyara katangar maƙabarta, suna kai gudummawa gidan mamba in an yi haihuwa ko rasuwa. Takardar izini sai daga baya ta zo, a ƙarƙashin dokar ƙungiyoyi ta 1984.

Wanda bai san tsarin garin ba, ba zai gane inda rigimar mazaunin ƙungiyar ta taso ba. Akwai Birni, inda fadar Sarkin Damagaram da tsohon babban masallaci suke, wanda Sarki Tanimu ɗan Sulaiman ya kewaye da ganuwa a tsakiyar ƙarni na 19. Yau kufanta kawai ya rage nan da can. Arewa da Birni akwai Zango, masaukin ayarin Abzinawa da fataken da ke ratsa Sahara, wanda ya zama unguwar attajirai irin su Malam Yaro. Bayan Faransawa sun ci garin a 1899, sai wani sabon gari ya tsiro a tsakanin biyun, da bariki da ofisoshi da kantunan kamfanoni. Daga 1911 zuwa 1926 nan ne hedikwatar Nijar, kafin a mayar da ita Yamai. Daga baya unguwanni suka yi ta bazuwa ta kowace fuska, har ƙidayar 2012 ta sami mutum sama da 235,000 a cikin garin, wanda yanzu aka raba gundumomi biyar.

Duk da wannan girma, ba da sunan titi da lambar gida ake neman mutum ba. Kwatance ake yi: bayan masallacin wane, ka wuce famfo, shago na uku. Wasiƙa kuwa akwatin gidan waya take zuwa.

Disamba 2018 zuwa Fabrairu 2019: gardamar mazauni

Jim kaɗan bayan bikin Zinder Sabuwa na ranar 18 ga Disamba 2018, wato bikin Ranar Jamhuriya da aka yi a garin, mai shagon da ƙungiyar ta daɗe tana haya ya ce yana bukatar wurinsa. Ya ba da wa'adi mai sauƙi, amma dole a nemi wani mazauni. Nan aka soma kai ruwa rana. Dattawan Birni suka ce ƙungiya tasu ce tun asali, a zauren ɗaya daga cikinsu aka yi zaman farko, don haka Birni za ta koma. Mutanen Zango suka ce su ne suka riƙe asusu a shekarun da albashi ya riƙa makara, kuma yawan mambobi na wajensu. Matasa, waɗanda galibinsu a sababbin unguwanni suke kwana, ba su ga dalilin ko ɗaya ba. An yi zama uku ba a tsayar da komai ba.

A zama na huɗu wani tsohon malamin makaranta ya kawo wata shawara. Ya ce taron ƙungiya bayan la'asar ake yi, kuma ba daga gida mutane ke zuwa ba, daga wurin aiki suke tahowa. Don haka a daina ƙirga inda ake kwana, a duba inda ake wuni. Ya nemi a zana taswirar wuraren aikin mambobi tun daga kafuwa zuwa yau, don kowane ɓangare da tarihi yake kafa hujja. Aka amince. Aka ɗora aikin a kan samari uku, ɗaya daga cikinsu ya karanta ilimin ƙasa a Jami'ar Zinder. Aka ware musu jika hamsin na man babur da kati da buga takarda, aka ce su kawo sakamako kafin azumi.

Maris 2019: yunƙurin farko, daga babban kundi zuwa kwamfuta

Samarin suka fara da abin da kowa zai fara da shi, wato babban kundin mambobi. Littafi ne mai bangon kwali, an rubuta shi da Faransanci, yana da gurbin suna, da na sana'a, da na adireshi, da na ranar shiga. Sunaye sama da ɗari huɗu ne a ciki, rayayyu da mamata. Suka kwafe su cikin kwamfuta a mako biyu, da niyyar su dasa wa kowane suna ɗigo a kan Google Maps.

Gurbin adireshi ne ya fara ba su kunya. Yawancin abin da ke ciki lambar akwatin gidan waya ce. Ma'aikaci ya rubuta ta ofishinsu, wanda ba shi da ofis ya ari ta wani. An sami lamba ɗaya a gaban sunan mutum tara, cikinsu har da tela da mahauci da mai gyaran keke, don akawu ɗaya ne ya ara musu. In da an bi wannan gurbi, da taswirar ta nuna cewa rabin ƙungiyar a gidan waya suke aiki.

Gurbin sana'a ma bai fi ba. Inda aka rubuta “ɗan kasuwa”, ba a faɗi ko kasuwar Dole ba ce, ko kasuwar dabbobi, ko 'yar kasuwar unguwa, ko tebur a bakin tasha. Inda aka rubuta sunan ma'aikata kuwa, sau da yawa ma'aikatar ba ta nan yanzu. Akwai SONARA, kamfanin gwamnati na cinikin gyaɗa da aka kafa a 1962, wanda ya durƙushe bayan noman gyaɗa ya faɗi. Akwai COPRO mai shigo da kayan masarufi, da SOTRAMIL mai sarrafa hatsi, da bankin BDRN da aka rufe a 1990, da OPT, hukumar gidan waya da sadarwa, da aka raba gida biyu a 1997, waya daban, wasiƙu daban. Taswirar intanet ba ta san ko ɗaya daga cikin waɗannan gine-gine da tsohon sunansa ba. Ko da ta sani, suna ɗaya ba wuri ɗaya ba ne: mai aikin gyaɗa yana iya zama a ofis, ko a sito, ko ya yi kaka gaba ɗaya a ƙauye yana awo.

Sai kuma matsalar da ba su hango ba. Kundin yana ɗaukar sana'ar mutum ne a ranar da ya shiga, daga nan ba a sake taɓa layinsa sai in ya rasu a ja masa layi. Wani ya shiga a 1978 yana masinja, kundi ya bar shi masinja, alhali garin duk ya san shi da sayar da goro shekara ashirin da ɗoriya. Ga kuma rubutun sunaye: Mahaman, Maman da Mamane na iya zama mutum ɗaya da sakatarori uku suka rubuta, na iya zama mutum uku.

Ƙarshen Maris, sunayen da suka iya dasa wa ɗigo da ƙwarin gwiwa ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu ba, kuma kusan dukansu ma'aikatan gwamnati ne, malaman makaranta da na asibiti da na gidan gwamna.

Afrilu 2019: yunƙuri na biyu, yawo da salula

Suka yanke shawarar fita su tambaya. Suka sa manhajar tattara bayanai a salula, mai ɗaukar wurin da mutum yake tsaye ta tauraron ɗan'adam. Tsarin shi ne a je wurin mamba ko magajinsa, ya nuna inda aka yi aiki, a danna.

Afrilu a Damagaram zafi kan haura digiri 40, don haka fitar safe kawai ke yiwuwa, lokacin da masu sana'a ba su da sukunin hira. A fili salula kan kuskure da mita biyar ko fiye. A lungunan Birni, inda katangu ke matse da juna, ɗigon kan tsallake ya faɗa cikin gidan maƙwabci. A kasuwar Dole abin ya fi muni, don an rushe tsohuwar an gina sabuwa, layukan da tsofaffi suka sani sun ɓace. Dattijo ya tsaya tsakiyar siminti ya juya gabas ya juya yamma, ya ce, “Nan ne, ko kuwa can gaba kaɗan.”

Babbar matsalar dai ita ce mutane ba su saki jiki ba. Samari uku da ba a sani ba, suna ɗaukar hoton shago suna tambayar tun yaushe ake sana'a a nan, kowa ya ɗauka 'yan haraji ne. A wata maƙera da ke gefen Zango, ɗan marigayin da suka zo nema, shi kansa ya manyanta, bai ko ajiye guduma ba.

“Samari, wa ya aiko ku?”

“Baba, ƙungiyar da mahaifinku yake ciki ce. Muna son mu san inda ya yi aiki.”

“In ƙungiya ce, ai da na ga wani mai furfura a gabanku. Allah ya ba da sa'a.”

Waɗanda suka amsa ma, amsar ba ta tsaya ba. Wasu gidansu suke nunawa maimakon wurin aiki. Wasu kuma, in sun yi aiki wuri huɗu, wanda ya fi daraja suke faɗa, ko da shekara ɗaya suka yi a can. Aka shiga azumi a farkon watan Mayu ba a kai rabi ba, kuɗin mai ya ƙare, kwamiti ya ƙara ba mai shago haƙuri.

Yuni 2019: littattafan da ke cikin adaka

A yawon ƙaramar Sallah, tsohon malamin makarantar nan ya ɗauki ɗaya daga cikin samarin suka je gaishe da matar marigayi mai karɓar kuɗin ƙungiya, a Birni. Mutumin ya riƙe wannan aiki tun kusan kafuwa har farkon shekarun 2000. Da zance ya zo kan taswira, Hajiya ta sa jikarta ta jawo wata adaka daga ƙarƙashin gado. Cike take da littattafan 'yan lakwal, masu layi-layi, duk an rubuce su da ajami. Samarin sun taɓa ganin biyu irinsu a shagon ƙungiya, suka ajiye gefe, don ba su iya karanta ajami sosai ba, kuma sun ɗauka lissafin kuɗi ne kurum.

Lissafin kuɗin ne. Kowane wata shafinsa, suna a dama, abin da aka biya a hagu, da dala ake ƙirgawa. Aka kai su wurin wani malamin tsangaya, shi ma tsohon mamba. Ya karanta shafi ɗaya a bayyane, ya juya na gaba, ya sake juyawa. Sunayen a jere ɗaya suke zuwa kowane wata, kuma jerin ba na haruffa ba ne, ba na shekaru ba, ba na ranar shiga ba. Malam ya sa yatsa a kan biyar na farko ya ce duk dukawa ne, rumfunansu na kusa da juna. Na bayansu mahauta ne. Daga nan sai wani mai gyaran agogo, sai ma'aikatan gidan waya.

“Yara, wannan ai tafiya ce,” in ji shi. “Yadda yake bin mu da kekensa, haka ya rubuta mu.”

Marigayin ba gida yake bin mutane ba, wurin aiki yake samunsu, don a can kuɗi ke hannu. Yakan fito daga Birni da hantsi, ya ratsa masu sana'ar da ke bakin tsohuwar ganuwa, ya shiga ofisoshi, ya biya ta kasuwa, ya ƙare a Zango. Kuma zagayen iri biyu ne. Na ƙarshen wata na masu albashi ne. Na ranar Alhamis, ranar da kasuwa ke ci mutanen ƙauye su shigo, na 'yan kasuwa ne, da yamma, bayan ciniki ya faɗa. A gefen shafi akwai 'yan kalmomi da ya riƙa tuna wa kansa: “ya koma tasha”, “yana Kano”, “ya tafi gona”, “a karɓa wajen ƙanensa”, “gindin dogon yaro”.

Abin da wannan ya bayar guda biyu ne. Na ɗaya, in suna ya faɗo tsakanin mutum biyu da aka tabbatar da wurinsu, to wurin aikinsa na kan hanyar da ke tsakaninsu. Na biyu, in suna ya yi shekaru a wuri ɗaya cikin jerin, sai wani wata ya tsallaka wani wuri, to a watan ne mutumin ya sauya aiki ko ya ƙaura da rumfarsa. Masinjan nan na 1978 an gan shi ya bar tsakiyar ma'aikata ya koma cikin 'yan goro, kuma an ga shekarar.

Littattafan ba su cika ba. Gara ta cinye na wasu shekaru, ruwa ya taɓa wasu. Malam da saurayi ɗaya suka yi wata biyu, malam na karantawa, saurayi na rubutawa da boko, suna haɗa kowane suna da takwaransa na babban kundi. A nan laƙabi ya taimaka, don marigayin da laƙabi yake rubuta mutane, irin su Dogo, Na-Allah, Mai-agogo, kuma da shi ne aka raba masu suna ɗaya.

Agusta zuwa Disamba 2019: zaman tabarma

Jeri kaɗai ba ya dasa ɗigo, sai an sami wanda ya san hanyar. Wannan karon aka sauya salo. Shugaban ƙungiya da kansa ya je ya gaishe da masu unguwanni, ya kuma sanar da shugabannin sana'o'i, Sarkin Fawa da Sarkin Maƙera da sauransu, abin da ake so da abin da ba a so. Aka buga hoton garin na sama a manyan takardu, kowace faɗinta santimita 84, tsawonta 119, a ma'aunin da santimita ɗaya ke daidai da mita 20 a ƙasa. Aka shimfiɗa farar leda a kai don a yi rubutu a goge.

Zaman farko bai yi armashi ba. Dattawan ba su saba ganin garinsu daga sama ba, rufin gidaje duk ɗaya ne a idonsu. Saurayin da ya karanta ilimin ƙasa ya ajiye takardar arewa na sama, kamar yadda aka koya masa. Wani Alhaji ya ce, “Ɗana, juya ta ta fuskanci gabas tukuna, mu san inda muka sa gaba.” Aka juya takarda ta daidaita da alƙibla. Aka sa alama a kan fada, da masallaci, da tsohon sansanin sojan Faransa da ke kan duwatsu, da kasuwa, da tasha. Daga nan yatsu suka fara tafiya.

Tsarin da aka zauna a kai shi ne: zama bayan la'asar, a ƙofar gidan wani dattijo, mutum uku ko huɗu masu sana'a ɗaya ko waɗanda suka yi maƙwabtaka a wurin aiki. Ba a tambayar kowa inda shi ya yi aiki. Ana karanto sunaye ne a jerin marigayin, su kuma suna bin sa a zuci: daga wane sai wane, sai ka tsallaka titi. Ba a karɓar wuri sai mutum biyu da ba dangin mai sunan ba sun yarda. Alama kuma iri uku ce. Ɗigo, in an tabbatar da ainihin wurin. Layi, in an san ɓangaren titi amma ba a san rumfa ba. Inuwa a kan unguwa, in iyakar abin da aka sani ke nan. Aka raba zamani uku da launi uku: daga kafuwa zuwa farin 1984, daga nan zuwa karyewar darajar Sefa a Janairun 1994, sai daga 1994 zuwa gaba.

Wata gardama ta nuna amfanin alamar layi. Dattawa biyu suka yi ta ja-in-ja a kan wani tela da ya rasu. Ɗaya ya rantse a gefen gabas na titi yake ɗinki, jikin katangar wani kanti. Ɗayan ya ce shekara goma yana kai masa ɗinki a gefen yamma. Aka kusa ɓata zama. Na ukunsu, wanda bai ce komai ba tun farko, ya yi dariya ya ce duk sun yi gaskiya: telan ba shi da rumfa, inuwa yake bi. Da safe yana gefen gabas inda inuwar katanga ke faɗowa, rana na juyawa yaransa su ɗauki keken ɗinki su tsallaka da shi. Na farko ma'aikaci ne mai wucewa da safe, na biyu ɗan kasuwa ne mai zuwa da yamma. Aka ja wa tela layi a tsallake titi.

Tsohuwar kasuwar Dole kuwa ba a nemi dasa ta a kan sabuwa ba. Takarda daban aka ba ta, tsofaffin 'yan kasuwa suka zana layukanta da hannu, na 'yan koli, na 'yan hatsi, na masu atamfa, na mahauta, aka jera sunaye a ciki.

Mata, da waɗanda aikinsu yawo ne

A babban kundi, kusan kowace mace “matar gida” aka rubuta mata a gurbin sana'a. A littattafan ajami kuwa sunayen mata na shafin baya, da wani jeri nasu. Da aka koma wurin Hajiya, sai ta ce ai ita ce ke karɓa, mijinta rubutawa kawai yake yi in ta dawo. Gida-gida take bi da dare.

“Inna, to su me suke yi?”

Ta lissafo su ba tare da ta duba takarda ba: wannan fura, wannan ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, wannan turaren wuta, wannan kitso, wannan dillancin zannuwa. Wurin aikinsu cikin gida ne, 'yan talla ke fitar da kaya. Kwamiti ya yanke cewa ba za a sa ɗigo a kan gidan kowace mace ba, inuwar unguwa kawai, ko da an san gidan sarai.

Sai masu yawo. Damagaram a kan dutse take zaune, ruwanta daga wajen gari ake jawo shi, daga Gogo da Machaya, da Arunguza, daga baya da Ganaram, shi ya sa garuwa tsohuwar sana'a ce a nan. 'Yan garuwar da ke cikin ƙungiya an sa musu alama a famfon da suke ɗiba, da inuwa a unguwar da suke kaiwa. Direbobin hanyar Kano da Agadas da Diffa an sa su a tashar da suke lodi. Wanzamai da dillalai aka bi su da inda aka saba samunsu. Gonakin damina ba a zana su ba, alamar tauraro aka sa a gefen sunan duk wanda littafi ya nuna yana ɓacewa daga Yuli zuwa kaka.

Fabrairu 2020 zuwa gaba: abin da taswirar ta nuna

An baje takardun a babban taro a watan Fabrairu. Fiye da kashi uku cikin huɗu na sunayen sun sami alama, ko da yake ɗigo na gaske bai kai rabinsu ba.

A launin farko, alamomi sun taru a ofisoshi da sito-sito na tsakiyar gari, da wani tari na masu sana'ar hannu a bakin Birni da cikin Zango. A launi na biyu ana ganin sunaye na ficewa daga ofisoshi ɗaya bayan ɗaya, a shekarun da aka rufe kamfanonin gwamnati ko aka rage ma'aikata, suna komawa kasuwa da tasha. A launi na uku alamomi sun miƙe bin kwalta: kayan Najeriya, man fetur na kwalba, gyaran babur, kabu-kabu. Na 'yan shekarun nan sun watsu zuwa gefen gari, wasu ma sun fita daga takarda, kamar masu aiki a matatar mai ta SORAZ da aka buɗe a 2011, kimanin kilomita 50 arewa da gari. Su kibiya aka zana musu a bakin takarda.

A duka zamunna uku, tsakiyar tarin na kan hanyar da ta haɗa Birni da Zango ta kasuwar Dole. Cikin Birni da cikin Zango wurin kwana ne ga yawancin maza, wurin aiki ne ga yawancin mata.

An yi ƙorafi biyu. Wani daga Zango ya ce manyan attajiransu ba a bin su, yaro suke aikowa da kuɗi, don haka jerin ya rage musu nauyi. Aka duba, haka ne: sunayensu na ƙasan shafi, ba tsari. Wani daga Birni ya ce wanda ya kasa biya wata uku marigayin kan daina rubuta shi, don haka talakawan Birni sun ɓace. Shi ma aka duba, haka ne.

Matakan cutar korona na watan Maris suka tsayar da taruka, sai bayan an sassauta aka yanke hukunci. Aka kama ɗaki kusa da kasuwar Dole, ya fi tsohon shagon ƙanƙanta, ya kuma fi shi tsada. Wasu dattawan Birni sun rage zuwa saboda nisa, aka yarda taron Sallah a zaurensu za a riƙa yi. Taswirar na jikin bango, da lambobi a maimakon sunaye. Littafin da ke fassara lambobin yana hannun sakatare, kuma ba a sa komai a intanet ba.

Abin da ya yi aiki, da dalili

Yunƙurin farko ya faɗi ne don babban kundin ba don a nemo mutum aka rubuta shi ba. Don hukuma aka rubuta shi, ya cika guraben da takardar izini ke bukata. Littattafan ajami kuwa mai neman mutane ne ya rubuta su, wanda in ya ɓata hanya kuɗi ba za su shigo ba, shi ya sa ya riƙa gyara su duk wata ba tare da kowa ya sa shi ba. Samarin sun fifita na farko don shi ne ya yi kama da takarda mai muhimmanci.

Yunƙuri na biyu kuma ba salula ce ta kayar da shi ba, ko da yake ta ba da tata gudummawar. Tambayar mutum ɗaya game da kansa, a bakin baƙon yaro, ba ta haifar da amsar da za a jingina da ita. Da aka mayar da tambayar ta zama game da maƙwabci, a gaban wasu da suka san shi, sai kuskure ya riƙa gyara kansa a wurin. A ganina mafi ƙarfin abin da suka yi shi ne yarda da alama iri uku. Da sun dage kowa sai ya sami ɗigo, da taswirar ta fi kyan gani, amma da rabinta zato ne, kuma da dattijo ɗaya ya kama ƙarya ɗaya a taron Fabrairu, da sauran duk sun zube.

Ƙorafe-ƙorafen nan biyu suna nan daram, ba a warware su ba. Taswirar ta masu biya ce a kan kari waɗanda ake bi da keke. Ta rage wa na sama da na ƙasa, kuma hukuncin mazauni da maza ya yi la'akari, tunda mata ba daga kasuwa suke tahowa ba. Ban ga an tattauna wannan yadda ya kamata ba.

Akwai kuma giɓin da ke ƙara faɗi. Tun da marigayin ya ajiye aiki babu wanda ya gaji zagayensa. Yanzu mutane a taro suke biya, ko su turo ta salula, ko ta kamfanonin aika kuɗi, kuma wannan ba ya barin jeri. Shekarun da suka fi kusa su ne taswirar ta fi rauni a kansu, don da baki kawai aka cike su. Sakatare ya ƙara gurbin “wurin aiki, da kwatance” a sabon kundi, aka ce duk watan Janairu za a sabunta. A zagayen farko kusan rabin mambobi ba su cike ba, kwamiti ya sa ɗaya daga cikin samarin nan uku ya bi su da babur.